KIMIYYA A ƘOFAR GIDA: Ɗan akwatin da ke tayar da mota idan batir ya mutu

  

Yau zan fara da labarin abin da ya same ni, domin shi ya jawo darasin namu.

Ranar da 'yar yayata za ta rubuta jarrabawar JAMB, ni aka ɗora wa nauyin kai ta. Cibiyar da aka tura ta tana can ɗaya gefen gari, an kuma ce kowa ya hallara da sassafe. Ana idar da sallar asuba muka fito. Na shiga mota, na murɗa makulli, ban ji komai ba sai "ƙas-ƙas-ƙas". Na sake murɗawa, fitilun gaban direba suka dushe. Ashe a daren da ba a kawo wuta ba, yaran gida sun ɗauki makulli sun shiga mota suna cajin waya suna sauraron rediyo, da za su fita kuma suka bar fitilar ciki a kunne har gari ya waye.

Yarinya ta dube ni, idonta ya ciko da ƙwalla, ta ce, "Kawu, yanzu ya za mu yi?" Maƙwabta da ke dawowa daga masallaci suka ce, "Malam, shiga mu tura maka." Na ce musu Allah Ya saka da alheri, amma motar otomatik ce, turi ba ya tayar da ita. Unguwarmu kuma a bayan gari take, a wannan lokaci ba a samun adaidaita sahu.

Muna cikin haka sai ɗan maƙwabcina, ɗalibin aji biyu na babbar sakandare da ke zuwa gareji koyon wayarin bayan an tashi daga makaranta, ya ce, "Malam, buɗe bonet, ina zuwa." Ya ruga gida ya dawo da wani ɗan akwati da bai fi ƙaramin ƙamus girma ba, na maigidansa ne da ya ba shi ya yi masa caji. Bai yi gaggawar jonawa ba. Sai da ya haska batirin ya duba jikinsa, ya shinshina, ya girgiza kawunansa biyu ya ga ko sun yi sako-sako. Daga nan ya maƙala jar waya, ya maƙala baƙa, ya ce, "Malam, yi ki." Mota ta tashi a bugu ɗaya. Ya cire wayoyinsa ya ce, "Kada ka kashe ta sai kun isa. In ka dawo kuma ka biyo gareji a auna batirin."

Mun isa da sauran lokaci, alhamdulillahi. A hanyar dawowa na yi ta tunanin yaron nan. Akwatin kowa zai iya saya in yana da kuɗi. Abin da ya burge ni shi ne duban da ya yi kafin ya jona, da shawarar da ya bayar bayan mota ta tashi. Waɗannan biyun nake so ku fita da su daga darasin yau.

Me ke faruwa idan aka murɗa makulli?

Injin mota ba ya iya fara juyawa da kansa, sai an juya shi tukuna. A farkon zamanin mota, da hannu ake yin wannan aiki: direba ya zura wani lanƙwasasshen ƙarfe ta gaban mota ya yi ta wainawa, wani lokaci ƙarfen ya dawo da ƙarfi ya karya masa hannu. A shekarar 1912 kamfanin Cadillac na Amurka ya fito da mota mai tashi da lantarki, bisa aikin wani injiniya mai suna Charles Kettering. Wannan ƙaramin injin lantarki da ke juya babban inji shi ne kanikawanmu ke kira kik.

Kik ɗin daga batir yake shan wuta. Batirin mota kuwa tsohuwar fasaha ce, wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ya ƙirƙiro shi a 1859, kuma har yau tushensa bai canza ba: farantan dalma ne jiƙe a cikin ruwan asid, wanda muke kira ruwan batir. A cikinsa akwai ɗakuna shida, kowane yana ba da bolt 2.1 ko kusa da haka. Ku haɗa lissafin, za ku ga cikakken batir yana nuna bolt 12.6, ko da yake ana kiransa mai bolt 12.

A nan sai mu tuna darasin fizik. Bolt, da ake rubutawa da harafin V, kamar ƙarfin turin ruwa ne a cikin bututu. Amfiya, da ake rubutawa da harafin A, kamar yawan ruwan da ke wucewa ne a kowace daƙiƙa. Fitilar cikin mota ba ta shan ko amfiya 1. Shi kuwa kik na ƙaramar mota mai fetur yakan ja amfiya 100 zuwa 200 a lokaci guda, na mota mai gas ya fi haka. Shi ya sa za ka ga rediyo yana aiki, fitila tana ɗan kamawa, amma mota ta ƙi tashi. Da sauran wuta a batirin, sai dai ba ta kai wadda kik ke nema ba. Ƙarar "ƙas-ƙas" ɗin nan kuwa, makunnin kik ne ke haɗuwa yana saki, domin da ya haɗu wutar sai ta faɗi.

Me ya sa turi ba ya yi wa otomatik? A mota mai kuloci, idan aka tura ta direba ya saki kuloci tana cikin giya, tayoyi ne ke juya injin kai tsaye, su maye gurbin kik. A otomatik kuwa, mai ne ke haɗa inji da giya, famfon da ke tura man kuma sai inji na aiki yake aiki. Ko samarin unguwa goma suka taru, gumi kawai za su yi.

Yaya ɗan akwati ke yin aikin ƙaton batir?

A kasuwa ana kiran wannan na'ura jom-sitata, wasu kuma su ce fawa bank ɗin mota. A cikinta akwai batiran litiyom, dangin wanda ke cikin wayarku, guda uku ko huɗu da aka jera don su kai ƙarfin batirin mota. Kamfanin Sony na Japan ne ya fara fito da batirin litiyom mai caji kasuwa a 1991, kuma a 2019 aka ba masana uku da suka yi aikinsa, John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, kyautar Nobel ta fannin kemistiri.

Ku ɗauko biro mu yi lissafi. A ce kik ya ja amfiya 150 na tsawon daƙiƙa 3 a kan bolt 12. Makamashin da aka kashe shi ne 12 sau 150 sau 3, wato jul 5,400. Batirin wayar da aka rubuta wa 5000mAh yana ɗauke da jul wajen 68,000. Ke nan makamashin da ke cikin wayar hannunka ya ninka abin da ake buƙata don tayar da mota fiye da sau goma.

To me ya hana waya tayar da mota? Ku ɗauki misalin buta da bokiti. Ko da ruwan da ke cikinsu ɗaya ne, idan wuta ta kama tabarma bokiti za ka ɗauka, domin shi ke juye ruwansa a lokaci guda, buta kuwa sai dai ta tsiyaya. Batirin waya buta ne. Batiran cikin na'urar tayar da mota an ƙera su ne su juye wuta mai yawa cikin 'yan daƙiƙu, wayoyinta kuma masu kauri ne don su ɗauki nauyin. Sirrin ke nan, ba tsafi a ciki.

Duba kafin ka jona

Ba kowace ƙin tashi ba ce matsalar batir. Idan ka murɗa makulli inji yana juyawa da ƙarfi amma bai kama ba, batir lafiyarsa ƙalau, sai a nemi matsalar a wajen mai ko fulogi. Idan kuma kan batir ya yi sako-sako, ko wani farin gari mai ɗan kore ya taru a kansa, sau da yawa ɗaurewa da gogewa kawai ake buƙata.

Akwai kuma batirin da ba a jona masa komai ko ana tsananin sauri. Idan ya kumbura, ko ya tsage, ko ruwa na tsattsafowa daga jikinsa, ko yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, a rufe bonet a nemo mai gyara. Batirin dalma yana fitar da iskar haidirojin, wadda ba a ganinta, ba a jin ƙamshinta, amma tartsatsi kaɗan ke kunna ta. Idan batir ya fashe, asid ne ke watsuwa, kuma fuskar mai sunkuye a kansa ce mafi kusa. Mutum na iya rasa ido saboda sakacin daƙiƙa ɗaya. Don haka ba taba, ba ashana, ba leta a kusa da batir. A cire zobe da agogon ƙarfe, domin idan ƙarfe ya haɗa kan batir da jikin mota, nan take zai yi zafin da zai ƙona fata. In har ruwan batir ya taɓa ido ko jiki, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na tsawon mintoci masu yawa, sannan a tafi asibiti.

Yadda ake jonawa

Na farko, a tabbatar na'urar tana da caji, kuma ta dace da motar. Yawancinsu na bolt 12 ne. Tirela da manyan motocin ɗaukar kaya da yawa bolt 24 suke amfani da shi, ƙaramar na'ura ba tasu ba ce.

Na biyu, a kashe komai na mota: fitilu, rediyo, na'urar sanyaya iska. A ja birkin hannu, a sa giya a P idan otomatik ce, ko a furi idan mai kuloci ce.

Na uku, a nemo alamun da ke jikin batir. Ɗaya kan yana da alamar tarawa (+), ɗayan alamar ɗebewa (−). Kada a dogara da launin wayar mota kawai, domin tsofaffin motocinmu an sha canza musu wayoyi. A goge ƙura a ga alamar da ido.

Na huɗu, jan maƙali a kan alamar tarawa. Baƙin maƙali kuma a kan alamar ɗebewa, ko a jikin ƙarfen inji marar fenti, nesa kaɗan da batir da bututun mai, gwargwadon yadda takardar na'urar da littafin motar suka ce. Hikimar sa shi nesa ita ce, idan tartsatsi zai tashi, kada ya tashi a inda iskar nan take. Kada maƙalan biyu su taɓa juna, kada kuma waya ta rataya kusa da fanka ko bel.

Na biyar, a kunna na'urar a duba fitilarta. Masu kyau sukan nuna kore idan an jona daidai, su yi ja ko su yi ƙara idan an juya. Sai a murɗa makulli na daƙiƙa 3 zuwa 5. In ba ta tashi ba, a saki, a jira minti ɗaya ko biyu na'urar ta huce. In an gwada sau uku ko huɗu ba labari, a haƙura, matsalar ta wuce ta caji.

Na shida, da mota ta tashi, a kashe na'urar, a cire baƙi tukuna, sannan ja. Ja ne farkon shiga, shi ne kuma ƙarshen fita.

Wasu na'urorin suna da wani maɓalli na musamman da ake dannawa idan batir ya mutu murus har na'urar ta kasa gane an jona ta. Ku sani wannan maɓalli yana kashe kariyar da ke hana ɓarna idan an juya wayoyi. Kada a taɓa shi sai an duba alamun nan sau biyu. Juya wayoyi na iya ƙona fis, ya lalata altaneta, ya kashe ƙwaƙwalwar mota, kuma kuɗin gyaran ya ninka kuɗin sabon batir.

Ƙannena da ba su kai shekara 18 ba, wadda ita ce shekarar da doka ta yarda a fara tuƙi a Najeriya, ku karanta ku gane, amma kada ku buɗe bonet sai da babba a tsaye. Yaron da na ba ku labarinsa ya daɗe a hannun maigida kafin a bar shi ya taɓa batir.

Tashi daban, warkewa daban

Nan ne mutane da yawa ke kuskure. Na'urar ba ta cajin batir, ranta masa ƙarfin daƙiƙa uku kawai take yi. Mai cajin batir a cikin mota shi ne altaneta, wanda inji ke juyawa da bel. Shi ya sa ake cewa kada a kashe mota nan take, a yi tafiyar kamar rabin sa'a. Ko hakan ma ba ya cika batirin da ya sauka ƙasa sosai, gara a kai shi wurin mai cajin batir ya kwana.

Da na koma gareji, maigidan yaron ya ɗauko mita, irin wadda kuke gani a ɗakin gwaje-gwajen makaranta. Ga abin da ake dubawa. Idan mota na kashe ta ɗan huta, bolt 12.6 cikakken batir ne, 12.2 kusan rabi, ƙasa da 12 kuwa ya sauka sosai. Idan inji na aiki, ya kamata mita ta hau zuwa wajen 14. In ta tsaya a 12 da 'yan kai, altaneta ba ya caji, kuma ko sabon batir aka saka zai mutu. Haka nan idan fitila mai hoton batir ta kama a gaban direba mota na tafiya.

Mai tayar da motarsa da na'ura kullum safiya, kansa yake yaudara. Duk lokacin da batirin dalma ya daɗe a sauke, wani farin sinadari yana daskarewa a kan farantansa, ya rage masa ƙarfin riƙe caji, har ya kai ba ya karɓa sam. Zafin ƙasarmu ma yana cin batir, domin yana ƙafar da ruwansa ya kuma cinye farantan. Sanyin hunturu kuma shi ke tona asirin batirin da zafin bazara ya riga ya raunana, shi ya sa turin mota ke yawa a safiyar Disamba da Janairu.

Akwai wata ɗabi'a da nake roƙon masu koyon gyara su bari: cire kan batir inji na aiki, don a gwada altaneta ko don a mayar da batirin aro. A tsofaffin motoci ana yi a wanye lafiya. A motocin yanzu batir ne ke daidaita wutar, cire shi na iya sa ta yi tsalle ta ƙona kayan lantarki. Mita ta ɗauke mana wannan kasada.

In za a saya

Araha ba ta ado. Za ku ga kwali an rubuta masa lambobi masu ban tsoro, amfiya dubu kaza. Wannan lamba yawanci ta ƙiftawar ido ce, ba abin da na'urar za ta iya riƙewa na daƙiƙa uku ba. Abin dubawa shi ne girman injin da aka ce tana iya tayarwa, wanda ake rubutawa da lita, na fetur daban na gas daban. A duba kaurin wayoyi da ƙarfin maƙalai. A tabbatar tana da kariyar juya waya. In da hali a gwada ta a gaban mai shago.

Ajiya ma ilimi ce. Batirin litiyom ba ya shiri da zafi. A watan Afrilu, lokacin da Kano da Sakkwato da Maiduguri ke kaiwa digiri 40, cikin motar da aka rufe a rana na iya wuce digiri 60. Kada a bar na'urar a kan dashbod. A shiga da ita ɗaki ko ofis. A riƙa yi mata caji bayan kowane amfani, ko ba a yi amfani da ita ba a duba ta duk wata biyu ko uku. Idan ta kumbura, amfaninta ya ƙare: kada a huda ta, kada a jefa ta a bolar da ake ƙonawa. Yawancinsu suna da tocila da ramin cajin waya, amma wanda ya zuƙe ta da kallon bidiyo da daddare, kada ya yi mamaki da safe.

Ku ne masu wannan aiki

A gidaje da yawa, kai ɗan sakandare ko ke 'yar sakandare, ku ne kuka fi kowa sanin bambancin bolt da amfiya. Abin da malamin fizik ya rubuta a allo, ga shi nan ƙarƙashin bonet ɗin motar Baba. Ranar da mota ta ƙi tashi da tsakar dare ana son kai marar lafiya asibiti, wanda ya san ja daga baƙi, ya kuma san batirin da ba a taɓawa, shi za a nema. 'Yan mata, wannan ba ilimin maza kaɗai ba ne. Ita 'yar yayar tawa, da hankalinta ya kwanta bayan jarrabawa, sai da ta sa na buɗe mata bonet na nuna mata alamun nan biyu.

Yaran gidanmu kuwa, mun yi zama da su. Makullin mota yanzu a aljihuna yake kwana.

Aikin gida

Batirin wata mota an rubuta masa 60Ah, wato zai iya ba da amfiya 1 na tsawon sa'a 60. Direba ya manta manyan fitilun gaba guda biyu a kunne, kowace mai wat 55, a kan bolt 12. Amfiya nawa fitilun biyu ke ja? Bisa lissafi, sa'a nawa za su ɗauka kafin su zuƙe batirin? Sannan ku yi tunani: me ya sa mota za ta ƙi tashi tun kafin wannan lokaci ya cika? Ku aiko da amsoshinku tare da sunan makarantarku da ajinku, za mu buga waɗanda suka dace.

Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A yi karatu da kyau.